Allurar kashe zafi bayan tiyatar karayar ƙashin baya: tambayoyi da amsoshi

Wanda aka yi wa tiyata a ƙashin baya, kwana biyu zuwa uku na farko su ne masu wuya. An tsaga fata, an ɗaye tsoka daga jikin ƙashi, an kafa kusoshi da sandunan ƙarfe, ga kuma karayar ita kanta. A 'yan shekarun nan likitocin sa barci sun ƙaro wata dabara a kan magungunan da aka saba da su: allurar da ake yi a gefen ƙashin baya don kwantar da jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga wurin aikin. Tambayoyin nan irin waɗanda marasa lafiya da masu jinya ke yi ne, kafin a shiga ɗakin tiyata da bayan an fito. Abin da ya dace da kai kuwa, likitan da ya duba ka ya ga hotonka shi zai yanke.

Wace irin allura ce, kuma yaya take aiki?

Ƙashin baya gaɓoɓi ne 33 a jere: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, sauran sun manne da juna a ƙasa. Laka ta ratsa ta wani rami a tsakiyarsu, jijiyoyi kuma suna fitowa daga cikinta biyu-biyu, dama da hagu, har wuri 31. Kowace jijiya da ta fito sai ta rabu. Babban reshe ya yi gaba, zuwa ƙirji ko ciki ko ƙafa. Ƙaramin ya juyo baya, ya shiga tsokar gadon baya da fatarsa. Wannan ƙaramin reshen shi ke ɗaukar mafi yawan zafin yankan tiyata, kuma shi ake nufa da allurar.

Maganin da ake zubawa dangin wanda likitan haƙori ke amfani da shi ne, sai dai an fi zaɓar masu daɗewa a jiki, wato bufibaken ko rofibaken. Yana hana jijiya isar da saƙo na wasu sa'o'i, daga baya jiki ya tsotse shi, jijiyar ta koma yadda take. Kamar a kashe makunnin ɗaki ɗaya ne, sauran gida da wutarsa.

Iri biyu aka fi yi. Akwai wadda likitoci ke kira ESP, da Dakta Mauricio Forero da abokan aikinsa suka fara bayyanawa a Kanada a 2016. A nan ana zuba maganin a ƙarƙashin doguwar tsokar da ke miƙar da baya, daidai kan ɗan fiffiken ƙashin da ke fitowa a gefen kowace gaɓa, sai ya malala sama da ƙasa ya rufe gaɓoɓi da dama. Akwai kuma TLIP, da aka bayyana a Amurka a 2015, wadda ake zuba maganinta tsakanin tsokoki biyu na ƙugu.

Ba ita ce allurar bayan da ake yi wa mata in za a ciro jariri ba?

A'a, Hajiya, ba ita ba ce, kuma wannan bambancin ya kamata kowa ya riƙe. Waccan, wadda likitan Jamus August Bier ya fara yi a 1898, shiga take har cikin ruwan da ke kewaye da jijiyoyin laka, shi ya sa ƙafafu ke mutuwa gaba ɗaya na wasu sa'o'i, jini yakan sauka, wasu kuma su yi ciwon kai daga baya. Wannan tamu ba ta shiga ramin laka. Bakin allurar a kan ƙashi yake tsayawa, wajen santimita 3 a gefen tsakiyar baya, ƙashin kuma shi ne katanga tsakaninta da abin da ke ciki.

Saboda haka yawanci mutum yana farkawa yana motsa ƙafafunsa yadda yake motsa su kafin aikin, kuma jininsa ba ya faɗuwa saboda allurar. Ga wanda lakarsa ta bugu wannan ba ƙaramin abu ba ne, don a makon farko likitoci ba sa son jini ya sauka ko kaɗan: lakar da ta ji rauni tana buƙatar jini ya riƙa isa gare ta sosai.

Yaushe ake yin ta? Zan ji shigarta?

Galibi ba za ka ji ba, don kana barci ake yi. Bayan an sa ka barci an juya ka rubda ciki a kan gadon tiyata, likita zai wanke bayan da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya ɗora kan na'urar sikanin, irin wadda ake duba masu ciki da ita, a gefen ƙashin. A allon zai ga fata, ya ga tsoka shimfiɗa-shimfiɗa, ya ga ƙashin ya fito da farin layi da baƙar inuwa a ƙarƙashinsa. Zai tura allurar yana kallon tafiyarta har ta taɓa ƙashin. Sai ya ɗan ja sirinji baya ya tabbata babu jini, ya zuba kaɗan ya ga tsokar ta ɗago daga kan ƙashi, alamar yana inda ya kamata. Daga nan ya zuba sauran a hankali, yawanci wajen mililita 20, ya koma ɗaya gefen ya maimaita. Duka aikin bai cika wuce minti goma sha biyar ba.

Wani lokaci likitan tiyatar ne da kansa ke zuba maganin kafin ya ɗinke, tunda tsokar a buɗe take yana ganinta da idonsa. In kuma bayan ka farka aka ga buƙatar yi, za a fara kashe fatar da ƙaramar allura, abin da za ka ji bai wuce tsira da ɗan nauyi ba.

To in an yi, shi ke nan ba zan ji zafi ba?

Za ka ji, amma ba kamar wanda ba a yi wa ba. Duk wanda ya ce maka za ta ɗauke zafi ƙaf, ya faɗi abin da ya fi ƙarfin allurar. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna tana rage zafi da yawan mofin (maganin kashe zafi mai ƙarfi) da ake buƙata a rana ta farko bayan tiyata. Mafi yawan binciken a kan masu ciwon baya na zaizayar ƙashi aka yi shi, waɗanda aka shirya aikinsu a natse. Mai karaya daban ne: tsokarsa ta kumbura, jini ya kwanta a wurin, wataƙila ga haƙarƙari ko ƙafa ma sun karye. Maganin ba lallai ya malala yadda ake so ba, wani lokaci gefe ɗaya ya kama, ɗaya bai kama ba.

Shi ya sa ba a barinta ita kaɗai. Ana haɗa ta da farasitamol a kan lokaci, da maganin kumburi in likita ya yarda, da ɗan mofin ko fentazosin a ajiye don lokacin da zafi ya taso.

Me ya sa za a wahala? Allurar fenta, wato fentazosin, da aka saba ba ta isa ba?

A nan nake so a tsaya a yi tunani, domin mu mutane ne masu ɗaukar dauriya da kunya da muhimmanci. Dattijo zai kwanta yana gumi yana cije leɓe, a tambaye shi, ya ce da sauƙi. Haƙuri abu ne mai kyau, amma zafin da aka ɓoye yana da ɓarnar da yake yi a jiki.

Mai jin zafi a baya ba ya jan numfashi ya cika ƙirji, kuma ba ya yarda ya yi tari. Majina ta taru a ƙasan huhu, kwana biyu sai zazzaɓi, sai ciwon huhu. Ba ya yarda a juya shi, alhali wanda ke kwance ana so a juya shi kamar duk bayan sa'o'i biyu, in ba haka ba fatar ɗuwawu da dunduniya ta fara ja, ta buɗe ta zama gyambon kwanciya, wanda kan ɗauki watanni bai warke ba. Ba ya motsa ƙafa, jini ya daskare a jijiyar ƙwauri, gudan ya iya ɓallewa ya toshe huhu. Likitan gashin ƙashi ya zo zai zaunar da shi, ya ce a bari sai gobe. Alhali babban dalilin sa ƙarfen ma shi ne mutum ya tashi da wuri.

Mofin da fentazosin da tiramadol suna aiki, ba a musu, kuma ana buƙatarsu. Amma in suka yi yawa suna kawo tashin zuciya da amai, da jiri, da barci mai nauyi, da taurin bayan gida, kuma mafi muni suna rage numfashi. Ka kwatanta mutumin da aka ɗinke wa baya jiya yana yunƙurin amai, ko yana nishi a kan fo kwana huɗu bai samu ba. Tsofaffi kuma sukan rikice, su riƙa fizgar robar ƙarin ruwa. Duk abin da zai rage yawan waɗannan magunguna ba tare da an bar mutum cikin azaba ba, ni dai a ganina ya cancanci a tambaya.

Sa'a nawa take yi?

Allura ɗaya takan kai sa'o'i 12 zuwa 24, wasu ba ta kai musu haka. Ana iya ƙara mata wani magani, deksametazon, don ta ƙara daɗewa. Mai ciwon suga ya sani cewa wannan yakan ɗaga suga na ɗan lokaci, sai a riƙa aunawa. A wasu asibitoci ana barin siririyar roba a wurin ana ƙara magani ta ciki kwana biyu ko uku.

Ga inda ake yawan tuntuɓe. An fito daga tiyata da azahar, maras lafiya yana hira da masu dubiya, har ana mamakin ƙarfin halinsa. Da isha nas ta kawo ƙwayoyi, ya ce ai ba ya jin komai, a bar su. Can wajen ƙarfe biyu na dare allurar ta sake shi, zafin ya zo masa gaba ɗaya, babu wani magani a jininsa da zai tare, nas ɗaya ce kuma a kan ɗaki guda. Maganin da aka rubuta na lokaci-lokaci a sha shi a kan lokacinsa, ko ana jin zafi ko ba a ji. Da ka ji wurin ya fara ɗumi yana tsikari, ka faɗa tun bai yi ƙarfi ba. In aka ce ka auna zafin daga 0 zuwa 10, ka faɗi gaskiyar lambar, da ita ake sanin abin da za a ba ka.

Tana da haɗari? An ce allurar baya tana shanye ƙafa.

Babu allurar da ba ta da haɗari, sai dai na wannan kaɗan ne in ƙwararre ya yi ta da sikanin. Shanyewar ƙafa ta dindindin ba abin da aka san ta da shi ba ne, tunda ba ta kusantar laka. Jefi-jefi maganin kan silale ta inda ƙashin ya fashe ya kai kusa da manyan jijiyoyi, ƙafa ta yi nauyi na wasu sa'o'i sannan ta sake.

Abin da likitoci suka fi tsoro shi ne maganin ya shiga jini da yawa. Alamominsa na farko: ɗanɗanon ƙarfe a baki, leɓe da harshe su sage, ƙara a kunne, jiri, magana ta harɗe. In ya yi tsanani yana kai wa ga jijjiga ko rikicewar bugun zuciya. Don haka ake lissafa shi da nauyin jiki, wajen miligiram 2 na bufibaken a kan kowane kilo, wato mai kilo 60 kimanin miligiram 120 ke nan a raba gefe biyu. Yana da makari, wani farin ruwa mai maiƙo da ake sawa ta jijiya, wanda aka fi sani da Intralipid. Ba laifi ba ne ka tambaya ko akwai shi a ɗakin tiyatar.

Sauran su ne ɗan taruwar jini ko ƙwayar cuta a wurin, da huda rigar huhu in a bayan ƙirji aka yi. Na ƙarshen nan ba kasafai ba ne, kuma shi ne babban dalilin da ya sa ba a son yin ta da lalube.

Ni ce mai jinyar Baba. Me zan sa wa ido bayan an fito da shi?

Allah Ya ba Baba lafiya, Ya saka miki. Ki riƙe wannan da kyau, don ke ce a gefen gado lokacin da likita ba ya nan. Sagewar fata a gadon baya, kewaye da ɗinkin, daga allurar ce, ba komai. Amma kada a jingina wa allurar waɗannan:

ƙafar da yake motsawa da aka fito da shi, yanzu ta yi rauni ko ta daina. Sagewa da ke ƙaruwa tana sauka ƙafa, ko ta kama tsakanin cinyoyi da dubura. Fitsari ya ƙi fita, ko fitsari da bayan gida su zubo bai sani ba, alhali da ba haka yake ba. Zafi mai ƙaruwa da ba ya jin magani. Numfashi da ƙyar, ko barcin da ake tashinsa ba ya tashi sosai.

Da kin ga ɗaya daga ciki, ki kira nas a take, ki ce a kira likitan tiyata, ko da tsakar dare ne. Kada ki jira zagayen safe, kada kuma ki yarda da "ai allurar ce, za ta sake shi" har sai likita ya duba da kansa. Jini na iya taruwa ya danne laka bayan aiki, kuma sa'o'i kaɗan ne tsakanin a kwashe shi ƙafa ta dawo da a makara. Dabara mai sauƙi: duk bayan sa'a ɗaya ko biyu a ranar farko, ki ce, "Baba, ɗan motsa min babban yatsa," dama da hagu, ki taɓa tafin ƙafar ki tambaye shi ko ya ji. In za a juya shi, a samu mutum uku, kafaɗa da ƙugu da ƙafafu su juya tare, kada bayan ya murɗe.

Akwai wanda ba a yi wa?

Akwai. Wanda ya taɓa samun borin jini daga irin wannan magani. Wanda fatar wurin ta yi ƙuraje ko ruwa, kuma wannan yakan faru ga waɗanda aka fara kai wa wajen mai ɗori aka yi musu tsaga ko gashi ko aka shafa magani ya ƙona fatar. Masu shan maganin tsinka jini irin su wafarin, ko masu karɓar allurar tsinka jini ta Clexane, ba lallai a hana su ba, amma sai likita ya san lokacin da suka sha na ƙarshe. Mai ciwon hanta ko ƙoda ko zuciya, da tsoho mai rauni, akan rage musu yawan maganin. Duk wani jiƙo ko gari da aka sha kafin zuwa asibiti, a faɗa. Wanda kuma ya ce ba ya so, ba za a tilasta masa ba.

Ina shan tiramol kusan kullum saboda aikin ƙarfi. Sai na faɗa?

Ka faɗa, ɗan'uwa, ka faɗi guda nawa da kuma mai lamba nawa. Wanda hukumar NAFDAC ta amince da shi mai miligiram 50 ne da 100, amma wanda ke yawo a tasha da kasuwa yakan kai 225. Jikin da ya saba da wannan, maganin da ke kwantar da wani ba zai ko girgiza shi ba, kuma in aka yanke masa kwatsam zai shiga gumi da rawar jiki da ciwon gaɓoɓi a kan ciwon tiyata. Likitan sa barci ba ɗan sanda ba ne, sirrinka kuma amana ce a wurinsa. In kana jin nauyin faɗa a gaban iyaye, ka ce kana son ganinsa kai kaɗai. Irinka ma shi ya fi cin moriyar wannan allura, don hanyar aikinta daban ce da ta tiramol, sabon da jikinka ya yi bai shafe ta ba. Haka ma mai shan kodin ko wiwi ko giya.

Tana sa maye ko sabo? Tana taɓa ƙarfin namiji ko haihuwa?

Ba ta sa maye, ba a kamuwa da sabonta, kuma ba ruwanta da haihuwa ko kusantar iyali. In an sami matsala ta wannan fannin bayan karayar baya, daga raunin laka ne, kuma abu ne da ake magana a kai da likita, akwai taimakon da ake yi.

Maigidana ƙafafunsa sun mutu tun ranar hatsarin. Me allurar za ta amfana masa?

Allah Ya ba shi lafiya, Ya ba ki juriya. Ba za ta dawo da motsin ƙafa ba, ba aikinta ba ne. Amma yankan tiyata yakan haura sama da inda raunin yake, wurin da yake ji sarai, kuma shi ya fi kowa buƙatar a riƙa juya shi ya kuma iya tari. Ta nan za ta taimaka.

Akwai wani zafin daban da kan zo bayan makonni ko watanni: ya ce ƙafar da ba ya ji tana masa ƙuna, ko suka, ko tafiyar kiyashi. Ba ƙarya yake ba, kuma ba jifa ba ne. Jijiyoyin da suka ji rauni ne ke aika saƙon da babu shi. Farasitamol da diklofenak ba su cika jin wannan ba; akwai magungunansa, irin su amitiriftilin da gabafentin da firegabalin, waɗanda likita ne kaɗai zai rubuta ya riƙa daidaita su.

In a wuya karayar take fa?

Wuya wuri ne mai cunkoso, ga manyan hanyoyin jini ga jijiyar da ke motsa numfashi, don haka an fi taka-tsantsan. In ta gaba aka shiga, zafin yankan bai cika tsanani ba, ƙwayoyi kan wadatar. Allurar ta fi amfani a bayan ƙirji da ƙugu, kuma dama mahaɗar waɗannan biyu nan ne aka fi karyewa, ko a hatsarin mota da babur, ko faɗowa daga bishiya ko gini, ko ruftawar rami.

Ana yin ta a asibitocinmu? In ba sa yi fa?

Manyan asibitoci irin su Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna tiyatar ƙashin baya. Samun wannan allura kuwa ya danganta da likitan sa barcin da ke aiki ranar, da samuwar sikanin a ɗakin tiyata. Maganin kansa ba mai tsada ba ne in aka kwatanta da kuɗin ƙarfen, kuma bufibaken dama ana amfani da shi kullum a ɗakunan tiyata. Lokacin tambaya shi ne ranar da likitan sa barci ya zo duba ka kafin aiki. Ka ce, "Likita, wane shiri aka yi min na zafi bayan na farka? Za a iya yi min allurar gefen baya? In ta sake ni, me zan sha, kuma wa zan kira da dare?"

In ba a yi, akwai madadi. Likitan tiyata na iya tsira maganin a bakin yankan kafin ya ɗinke, ana iya ba da ketamin, wani maganin sa barci mai kashe zafi, kaɗan-kaɗan lokacin aikin, sannan farasitamol a kan lokaci, wanda babba ba ya wuce giram 4 a yini. Diklofenak da ibufurofen kuwa kada a sayo su a kemis a ƙara da kai: suna tayar da gyambon ciki, suna taɓa ƙoda, kuma wasu likitocin tiyata suna taƙaita su a makonnin farko don kada su jinkirta haɗewar ƙashi. Kafin a sallame ka, ka sa a rubuta maka wanne za ka sha, sau nawa, da ranar da za ka daina.